Amsar Alhaji kan kafiretar tsohon injin kaftu

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da yamma. Alhaji na ga hotunan da ka turo kuma na ji muryarka, kana tambayar ina za ka samu sabuwar kafireta a Kano ka ɗaura wa tsohon injin kaftun nan na marigayi Baba, Allah Ya jiƙansa, wai in ka ɗiga masa fetur ta maƙogwaro sai ya tashi ya ɗan yi gurnani ya mutu. To ni dai ba zan nuna maka shagon sabuwa ba don ba ita kake bukata ba, abin da kake so shi ne injin ya tashi ya shiga lambu kafin lokacin dashen albasa ya wuce ka, ko ba haka ba? To saurara.

Injin nan naka Merry Tiller ne, asalin ƙirarsa ta Amurka ce amma kamfanin Wolseley na Ingila ya yi ta ƙera shi, kuma injin da ke kansa Briggs & Stratton ne, na gane shi tun daga hoton farko saboda yadda kafiretar take zaune daram a kan tankin mai. Ka ga wannan ita ce maganar gaba ɗaya. Kafiretocin da suka cika kasuwa yanzu, na injin ban ruwa da janareto 'yan Chana masu lamba 168F, kwaikwayon Honda GX160 ne, su suna da kofi a ƙasa da fulot a ciki, wato abin nan mai yawo a kan mai yana tsayar da shi in kofin ya cika, mai yana gangaro musu ne daga tankin da ke sama. Taka ba ta da fulot sam, tanki ma a ƙarƙashinta yake, ita da kanta take zuƙo man sama. In ka ce za ka saka 'yar Chana sai ka ɗaga tanki, sai an yi walda, ramukan noti ba za su zo daidai ba, sandar gwamna, wato mai daidaita gudun inji, ba za ta kama ba, a ƙarshe ka samu inji mai ihu ba birki har ya fasa kansa. Don Allah kar ka bari kowa ya fara wannan aikin.

Tunda yana tashi in ka ɗiga masa mai, wuta lafiya take, fulogi yana ba da wuta, kwamfureshan, wato matsin iskar fistin, ma akwai. Mai ne ba ya hawowa, shi ke nan. Kuma ga gwaji mai sauƙi ka yi yau ɗin nan, ka cika tankin taf har baki sannan ka ja igiya. A cikin tankin daga sama akwai wani ɗan kofi, in tanki ya cika maƙil man yana malala ciki da kansa, to in injin ya tashi ya yi aiki na ɗan lokaci sannan ya mutu da man ya ja baya, ka gama gano ciwon, famfon kafiretar ne ya mutu. Irin wannan kafiretar sunanta Pulsa-Jet, bututu biyu gare ta, dogo yana zuƙo mai daga gindin tanki ya zuba a ɗan kofin nan, gajere kuma ya ɗauka daga kofin ya kai wa jet, ɗan ramin da ke auna man da zai shiga inji. Kai tsaya, ka fara leƙawa tukuna, in ka ciro ta ka ga bututu ɗaya ne tak to ƙaramar ce Vacu-Jet, ita wani ɗan ƙwallo ne a cikin bututun yake maƙalewa, amma yadda na ga murfin nan mai sukuru huɗu a gefenta a hoto na biyu, mai bututu biyun ce.

Ƙarƙashin murfin nan akwai 'yar roba siririya baƙa, dayafaram, ita ce famfon da na ce, tana da wasu 'yan harsuna biyu masu buɗewa da rufewa, duk jan iskar da fistin ya yi sai ta motsa ta tunkuɗo mai. In inji ya yi shekaru a ajiye sai ta bushe ta yi tauri kamar ƙilishi, ba ta motsi, ba mai. Kafin ka kwance ka ɗauki hoto da waya, don akwai ɗan sifirin da 'yar hularsa a ciki, su ne ke zama cikin ramin jikin kafireta, roba ta hau kansu, sannan murfi, kuma sifirin ɗin in ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙasa ka shiga uku, saboda haka shimfiɗa farin buhu ka yi aikin a kai.

Kuma a nan ne nake son in ja kunnen kowa a guruf ɗin nan, don abin yana ci mini rai har yau. Akwai wani inji irin wannan sak da na taɓa gani, mai shi ya kai wa wani bakanike a bakin titi, mutumin ya buɗe ya ga roba ta mutu, maimakon ya ce ba ni da ita a nemo, sai ya yanko robar tsohon tib na keke ya huhhuda da ƙusa ya liƙa, ya bi gefen da gam ya shafe. Robar tib ba ta jure fetur, kumbura take yi ta yi laushi, gam ɗin kuma ya narke ya bi 'yan hanyoyin man ya toshe su. Da ya ga ba ta tashi sai ya ɗauko wayar birki ya dinga zura wa jet yana sakace ta, ramin da aka auna shi tun daga masana'anta ya buɗe shi, daga nan inji ya koma shan mai yana baƙin hayaƙi, fulogi kullum a jiƙe. Kuma ya karɓi kuɗin aiki fa! Wallahi robar nan ba ta da wani tsada, har yanzu ana yin ta, amma jikin kafireta in aka lalata shi ina za ka samo wani a nan? Mutum bai san abu ba ya ce bai sani ba mana, ai ba abin kunya ba ne. Ni abin da ya fi ba ni haushi ma gam ɗin, yanzu duk abin da aka buɗe sai ka ga an malala masa gam, fakin na takarda, wanda ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo, da za ka yanka da almakashi cikin minti kaɗan ya gagari mutane. To bari dai in bar wannan.

Wanki kuma, ka ciro bututun biyu a hankali, a bakin kowanne akwai 'yar raga, ka duba ta a hasken rana, in ta toshe da tsatsa ka jiƙa ta a fetur mai kyau ka goge da tsohon buroshin haƙori. Ka warware allurar mai, wato sukurun nan mai sifirin a gefe, ka duba tsininta, in ta yi zobe ko ta lanƙwashe an taɓa ɗaure ta da ƙarfi ke nan sai a canza. Ka fesa maganin wankin kafireta a kowane rami ka ga ya fito ta ɗaya gefen, sannan ka kai wajen mai faci ya hura maka da iska. Iska kawai, ban da waya, ban da allurar ɗinki.

Amma Alhaji duk wannan aikin banza ne in ba ka wanke tanki ba, don tankin ƙarfe ne kuma na tabbata cikinsa ya yi ja. Zuba masa tsofaffin notuna da ɗan kananzir ka yi ta girgizawa, ka zubar, ka jiƙa shi da ruwan khal ya kwana, ka ɗauraye sosai ka shanya a rana ya bushe ƙarau, kar ka bar ɗigon ruwa. Sannan ka haska tocila ka duba ɗan kofin nan na sama, in tsatsa ta huda gindinsa to ko sabuwar roba ka saka man zai dinga zurarewa ya koma ƙasa, sai an toshe hujin. Kuma fuskar tanki inda kafireta take zama ka ɗora bakin wuƙa madaidaiciya ka gani ko ta lotsa, in akwai rata iska za ta shiga, ka yanka sabon fakin ka ɗaure notunan kaɗan-kaɗan bi da bi.

In ka haɗa, ka murɗa allurar ciki da yatsa har ta taɓa, taɓawa kawai ba ɗaurewa ba, ka dawo da ita baya zagaye ɗaya da rabi, da wannan zai tashi. Ka bar shi ya yi zafi, ka shigar da ita kaɗan har ka ji ya fara shaƙewa, ka fito da ita har ya fara gurnani da hayaƙi, sai ka tsaya a tsakiya, ka ɗan karkata wajen yawan mai don ƙasar lambu in ta riƙe haƙoran kaftun injin yana son ƙarfi. Soson iya kilina, wato matatar iska, ma ka wanke ka ɗiga masa baƙin mai ka matse, in ya rududduge ka sake, ƙurar kaftu ita ke cinye inji. Fetur kuma daga gidan mai, ka tace da ƙyalle, ban da na galan a bakin hanya, kun dai tuna abin da gurɓataccen man nan mai methanol ya yi wa injinan mutane a Fabrairun 2022, irin robar nan ba ta son sa ko kaɗan. In ka gama aikin shekara ka juye tankin ka bar inji ya shanye sauran har ya mutu da kansa.

Yanzu abin da za ka yi min, ka goge murfin fankar injin wajen igiya, akwai lambobi kashi uku da aka buga a ƙarfen, na ukun lambobi biyun farkonsa su ne shekarar da aka ƙera shi, in kafin 1982 ne to mai kwantak ne ma, wato tsohon tsarin ba da wuta, wannan maganar wata rana ce tunda yana ba da wuta kar ka taɓa. Ka ɗauki lambobin da kyau ka turo, da su za a yi odar robar da fakin, kuma ka yi odar biyu-biyu tunda ba kullum ake samun mai tahowa da su ba. Ka yi gwajin cika tankin nan ka faɗa min abin da ya yi.