Jarina naira 600,000: in cika shago da dish, ko in koya wa ƙanena saiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon kayan wuta a unguwarmu a nan Kano, ina sayar da ƙwan fitila da soket da rimot. Kusan kullum sai wani ya tambaye ni ko ina da dish da dikoda, ko na san mai sa dish. Na tara naira 600,000, ina so in shiga Sabon Gari in saro su in cika shago. Ga ƙanena ya gama sakandare yana zaune, na ce shi ya riƙa zuwa yana kafa wa mutane, tunda na ga aikin ba wuya, ɗaure ƙarfe ne a bango. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa nema albarka, ya saka maka da alheri da ka tuna da ƙanenka. Amma Malam, kada ka zuba kuɗin nan duka a kaya. Ribar wannan harka tana hannun mai saiti, ba ta kan kantar shago.

Dalili shi ne dish da dikoda kaya ne da kowa ya san farashinsu. Na DStv da na StarTimes kamfani ne ke yanke kuɗinsu, wani lokaci ma ya karya farashi don ya jawo masu biyan kuɗin wata, kai da ka saro da tsada ka tashi da asara. Dikodar tashoshin kyauta kuwa daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala, kuma tun da aka saki naira a 2023 ka ga yadda abin yake hawa da sauka. Sannan samfuri yana tsufa. Ga Sabon Gari kusa da kai, me zai sa ka mayar da shagonka sito? Ka ajiye guda bibbiyu ko uku-uku, in sun fita ka ɗauko wasu.

Inda nake so ka sake tunani shi ne maganar da ka yi cewa aikin ba wuya. Tauraron ɗan'adam ɗin da faranti, wato dish ɗin, yake kallo yana sama da nisan kusan kilomita 36,000, a saitin tsakiyar duniya, yana zagaye daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa daga nan muke ganinsa kamar a tsaye yake wuri guda. Kowane yana da mazauninsa. DStv a Najeriya yana kan tauraron Eutelsat a digiri 36 gabas, StarTimes yana kan na digiri 5 gabas, Nilesat yana digiri 7 yamma, Badr na Arabsat yana digiri 26 gabas, namu na gida NigComSat-1R yana digiri 42.5 gabas. Daga Kano, mai neman DStv zai fuskanci gabas maso kudu, wato hannun dama da alƙibla, mai neman Nilesat zai juya yamma maso kudu, na StarTimes kuwa kusan a saman kai yake. Farantin santimita 90 in ya goce da digiri ɗaya ko biyu, abin da bai wuce kaurin yatsa ba a bakinsa, hoto ya fara yankewa ke nan.

Abu uku mai saiti yake daidaitawa a lokaci guda: juyawar faranti dama ko hagu, ɗagawarsa sama ko ƙasa, da murɗa LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban faranti yana karɓar sigina. Na ukun shi ne wanda 'yan koyo suka fi mantawa da shi, sai wasu tashoshi su fito wasu su ƙi, a ɗora wa dikoda laifi. A talabijin kuma layi biyu ne ke fitowa, na ƙarfin sigina da na ingancinta. Na ƙarfi yana iya cika ko da faranti bango yake kallo, muddin waya tana haɗe. Na inganci shi ne aikin. Wanda bai ƙware ba da zarar hoto ya fito sai ya ɗaure noti ya karɓi kuɗinsa. Gwani yana ci gaba da taɓawa a hankali har ingancin ya kai iyakar abin da wurin zai bayar, sannan ya ɗaure notocin bi da bi yana kallon layin, domin ɗaurewar kanta tana jan faranti. Wannan rarar da ya samo ita ce ke riƙe hoto idan hadari ya haɗu, tunda ruwan sama mai ƙarfi yana raunana siginar ƙananan farantai.

Me ya sa nake jan wannan bayani a maganar kuɗi? Saboda abin da ke cinye ribar mai sa dish shi ne komawa. Ka yi aiki yau, jibi a kira ka an ce ba ya yi, ka sha mai ka koma, ka ɓata rabin yini, ba wanda zai ba ka ko kwabo. Aiki guda da aka koma masa sau biyu ya cinye kuɗinsa, ya taɓa na wani. Kuma akasarin komawar daga wuraren da aka sani take fitowa. An kafa ƙarfen a karkace. An ɗaure shi a katangar ƙasa ko bulo mai rauni, iskar farkon damina ta girgiza shi. A irin wannan gida gara a haƙa rami a kafa turke da siminti. An yi saiti da rani ta tsakanin rassan darbejiya, damina ta zo ganye ya rufe. An sa waya mai araha wadda rana ke farfasa bayanta, ko an bar mahaɗin waya a buɗe ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Wanda ya huda kwanon rufi ya bar wa mai gida yoyo kuwa, ya sayi faɗa da kuɗinsa.

Don haka ga yadda zan kasa kuɗin da ni ne kai. Kashi na farko na koyo ne. Ka nemo gwanin da aka shaida aikinsa, ku yi magana a fili, ka biya shi, ƙanenka ya bi shi wata uku ko huɗu yana ɗaukar masa tsani. In son samu ne koyon ya ratsa damina, don a nan ake ganin aikin da ya yi kyau da wanda bai yi ba. Kashi na biyu na kayan aiki ne: na'urar nemo sigina mai ɗan allo wadda ke nuna sunan tauraron da aka kama, injin huda bango, tsani mai ƙwari, sifanoni, ma'aunin da magina ke duba miƙewar gini da shi. A nan kada ka yi ƙwauro. Na'ura mai ƙara kaɗai tana ihu a kan kowane tauraro, yaro ya yi awa guda yana saita wanda ba shi ake nema ba. Kashi na uku na ƙananan kayan da ke fita kullum ne, kuma su ne suka dace da shagonka: nadin waya mai kyau ta RG6, kawunan waya, LNB, rimot, adafta, da ɗan akwatin DiSEqC da ke haɗa farantai biyu zuwa huɗu a dikoda ɗaya. Waɗannan ba sa tsufa da wuri, kuma ribarsu a kan jari ta fi ta dikoda. Abin da ya rage, aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, ka bar shi a ajiye.

Wajen yanka kuɗin aiki, a raba shi da kuɗin kaya, mai gida ya ga kowanne daban. A lissafa mai, tsawon wayar da gidan zai ci, da wahalar wurin, don hawa bene ba ɗaya yake da kafa turke a tsakar gida ba. A karɓi kafin alƙalami da zai biya kayan kafin a fita. A kuma faɗa tun farko abin da aka ɗauki nauyinsa: in saiti ya goce da kansa cikin wata ɗaya gyara kyauta ne, amma tsawa, ɓera ya ci waya, ko yara sun yi lilo da faranti, wannan sabon aiki ne.

Tsakaninka da ƙanenka ma a rubuta. Nawa ne nasa a kowane aiki, nawa ne na shago, nawa ake warewa don gyaran kayan aiki. Zumunci ya fi lalacewa a inda aka ce ai duk ɗaya ne.

Akwai abin da ba a saya a kasuwa, kuma shi zai sa a kira ƙanenka ko a daina. Wannan sana'a ta shiga gidajen mutane ce. Ya yi sallama ya jira izini, in zai hau sama a aika yaro ya sanar da maƙwabta kamar yadda aka saba, idonsa ya tsaya a kan aikinsa. Magidanci ɗaya da ya yaba da kamun kansa zai kawo masa layin gaba ɗaya. Ka kuma ja masa kunne a kan wayoyin lantarkin da ke ratsa saman gidaje, da hawa rufi in hadari ya taso. Wannan maganar rai ce, ba ta riba ba.

Sai ka san lokutan kasuwar. Aiki yana yawa gab da azumi saboda tafsiri da tashoshin Makka da Madina, da watan Agusta idan za a fara gasar Firimiya ta Ingila, da kuma bayan iskar farkon damina. Tsakanin waɗannan akan yi shiru. Kuma gaskiya masu biyan kuɗin wata suna raguwa: MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya yi ta ƙara farashi tun 2023, kuma da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya da yawa a Najeriya, matasa kuma sun koma kallo a waya. Wannan bai kashe sana'ar ba, don da yawa tashoshin kyauta suke komawa, su ma sai an yi musu saiti. Amma ya isa dalilin da zai sa ƙanenka ya haɗa da sa kyamarar tsaro da ƙananan ayyukan sola, tunda tsani ɗaya ne, injin huda ɗaya ne, jan waya ɗaya ne.

Za a zo maka da dikodar da ake cewa tana buɗe tashoshin kuɗi kyauta. Kada ka saka ta a shagonka. Satar haƙƙin mallaka ce a doka, kuma ranar da aka toshe ta, wanda ya saya ƙofarka zai tsaya yana neman kuɗinsa.

Ka buɗe littafi tun daga aikin farko: sunan unguwa, abin da aka sa, kuɗin da aka karɓa, da ko an koma. Bayan wata uku ku zauna ku duba. In komawar ta yi ƙasa kuma kira yana ƙaruwa, a lokacin ne za ka taɓa ajiyar nan ka ƙara kayan da littafin ya nuna suna fita.