Me roka ke turawa a sararin samaniya inda babu iska?

Tambaya: Malam, na ji an ce babu iska a sararin samaniya. To, me roka ke turawa har ta ci gaba da tafiya?

Amsa: Roka ba ta dogara da iska ko kaɗan, domin abin da take turawa shi ne hayaƙin da ta ƙona da kanta take fesarwa ta baya. Asirin lamarin yana cikin abin da masana kimiyya ke kira momentom, wato nauyin abu a ninka shi da gudunsa, tare da la'akari da alƙiblar da ya dosa. Ƙa'idar ita ce, muddin babu wani ƙarfi da ya shigo daga waje, jimillar momentom na abubuwan da ke tunkuɗar juna ba ta ƙaruwa, ba ta kuma raguwa. Wannan ya dace da doka ta uku daga cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687.

Mu ɗauki bindiga mai nauyin kilogiram 4 da harsashi mai giram 10. Kafin a harba, komai na tsaye, jimillar sifili ce. Idan harsashin ya fita da gudun mita 400 a daƙiƙa, ya tafi da momentom 4, saboda haka dole bindigar ta koma baya da 4 don lissafin ya daidaita, wato da gudun mita 1 a daƙiƙa. Bugun da maharbi ke ji a kafaɗarsa ke nan.

Roka tana yin haka ne ba ƙaƙƙautawa. Injin da ke ƙona haidurojin da oksijin yana fitar da hayaƙi da gudun da ya haura mita 4,000 a daƙiƙa, kuma duk abin da hayaƙin ya tafi da shi baya, rokar na samun daidai da shi gaba. Tun a 1903 masanin kimiyya Konstantin Tsiolkovsky na Rasha ya wallafa lissafin hakan, kuma shi ya sa mafi yawan nauyin roka a lokacin tashi makamashi ne.

Tambayarka ba ƙarama ba ce, domin a 1920 jaridar New York Times ta yi wa masanin roka na Amurka Robert Goddard ba'a bisa zaton cewa roka na buƙatar iskar da za ta tura, ba ta janye ba sai a 1969. Hasali ma, iska cikas ce ga roka, kuma injinta ya fi tura ta da ƙarfi bayan ta fita daga cikin iskar.