Na sayi gem da kuɗina, kamfani ya kashe shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga gem a Tudun Wada, Kaduna. Akwai wani wasan harbe-harbe da na saya a faifai, yara har layi suke yi a kansa bayan la'asar. Yanzu in na sa shi sai ya tsaya a shafin farko, wai kamfanin ya rufe sabarsa. Faifan ko ƙwarzane babu. Yaya abin da na biya kuɗi zai zama ba nawa ba?
Mai shagon gem, Tudun Wada

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ciwo, kuma ina bayanka. Su kamfanonin cewa suke lasisi suka sayar maka, wato izinin bugawa. Faifan mabuɗi ne kawai, wani ɓangare na wasan yana can a kwamfutocinsu, waɗanda su ne ake kira saba. Ranar da suka kashe su, faifanka ya zama na ado.

Haka aka yi da wasan tseren mota The Crew na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2014. A ƙarshen Maris 2024 aka rufe sabarsa, har mai son tuƙi shi kaɗai ya rasa. Daga nan wani Ba'amurke, Ross Scott, ya soma gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe gem, kuma a 2025 masu sa hannu a takardar koken gangamin a Tarayyar Turai suka haura miliyan ɗaya. Abin da suke nema shi ne, in kamfani zai janye, ya bar wasan yana aiki ba sai da shi ba.

Kamfanoni suna kukan cewa riƙe saba na cin kuɗi. Gaskiya ne, ba mai zuba wa janareto mai a shagon da ba ciniki. To amma me zai hana su miƙa wa masu bugawa ragamar wasan? Kamfanin id Software ya saki lambobin manhajar wasan Doom, wato rubutun da aka gina shi da shi, a 1997, ga shi har yau mutane suna gyara shi suna bugawa a sababbin na'urori. Wannan 'yancin nake so a ba mu.

Gaba, kafin ka biya, juya bayan kwalin ka duba ko an rubuta dole sai da intanet. Ka sa mai sayarwa ya kashe data ya kunna a gabanka. In kuma na kwamfuta ne, leƙa GOG, wani shagon sayar da gem a intanet, don wasannin da ke can kana saukewa ka adana abinka.