Bishiyar da ke gabas da rami na bakwai

Jiya muna wanke injin yankan ciyawa ka ce mini, "Maigida, don me za a sare bishiyar da ke gabas da rami na bakwai, alhali bishiyoyi ne adon filin nan?" Ban tanka ba saboda hannuna duk baƙin mai ne. To, zauna ka ji, ɗana.

Golf ɗin nan da wasu ke kira ƙwallon lambu ba a lambu ya samo asali ba. A bakin teku ya taso a Sikotilan, kan tuddan rairayi inda noma ba ya yi, iska na kaɗawa, bishiya sai ɗai-ɗai. Irin wannan fili shi ake kira links. Ruwan sama na sauka rairayi zai shanye, tumaki da zomaye kuma su ne masu aikinmu na yankan ciyawa. A filin golf na St Andrews, can Sikotilan, ne aka mai da ramukan wasa 18 daga 22 a 1764, daga baya kowa ya bi.

A ƙarshen ƙarni na 19 wasan ya karɓu a Ingila, mutanen birni suka so yin sa kusa da gida. Fili kuwa sai gandayen manyan gidajen karkara, masu makiyaya da tafki da tsofaffin bishiyoyi. Su ne asalin abin da ake kira faklan, irin namu. Dubi Stoke Park: Harry Colt ya zana filinsa a 1908 cikin gandun da aka tsara tun ƙarni na 18 don a yi kallo kawai. Kyau kam akwai shi. Sai dai yawancin irin waɗannan wurare laka ce a ƙasa, inuwa a sama, kuma ciyawar wasa ba ta shiri da ko ɗaya.

Laka tana da magani, in akwai kuɗi. Girin, wato shimfiɗar da ke kewaye da rami, ba a kan ƙasar wurin ake yin sa ba. Tun 1960 hukumar golf ta Amurka ta fitar da tsarin da muke bi: bututun janye ruwa a can ƙasa, tsakuwa kamar santimita 10 a kai, sannan yashi gauraye da ɗan ruɓaɓɓen ganye kamar santimita 30. Ka ga ke nan bakin teku muke ginawa a tsakiyar karkara, ɗan kaɗan-kaɗan.

Inuwa ce ba ta da bututu. Ciyawar girin muna aske ta zuwa milimita uku ko huɗu, ganyen da ya rage mata na cin hasken rana bai taka kara ya karya ba. Bishiyar nan tana tare mata hantsi, raɓa ta kwana a kanta har wajen ƙarfe sha ɗaya, iska ba ta ratsawa, sai fumfuna ta kama. Tabon nan masu ruwan ƙasa da kake ta fesa wa magani, daga nan suke. Ga saiwoyinta sun kutsa ƙarƙashin girin suna shan ruwa da takin da muka zuba, wata rana ma su toshe bututu. Wanda ya dasa ta ya ga ɗan tsiro ne, bai hango faɗinta bayan shekara hamsin ba.

Kada ka ce na tsani bishiya. A filin golf na Augusta a Amurka an yi wata a rami na 17 da ta addabi Shugaban Amurka Eisenhower har ya nemi a sare ta a 1956, aka ƙi, ta tsaya sai da ƙanƙara ta kakkarya ta a 2014. Waccan tana cikin wasa, tana sa mai bugu ya yi tunani: ta dama zai bi, ko sama da ita? Irinta nake karewa, kamar ta kwanar rami na huɗu. Tamu kuwa tana bayan girin, babu ƙwallon da ke zuwa wajenta. A filin Oakmont na Amurka ma dubban bishiyoyi suka sare tun daga shekarun 1990, da farko har da asuba suke yi kafin 'yan kulob su iso, don sun san rigimar da za a sha.

Gobe ka zo kafin fitowar rana, ka kafa turaku a bakin inuwarta duk bayan awa ɗaya har azahar. Su zan nuna wa kwamitin kulob ranar Laraba.