Daga Malaga zuwa Dutsen Jibralta: yini ɗaya zai isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Malaga, a kudancin Sifaniya, da fasfon Najeriya. Abokaina suna ta ba ni labarin Jibralta, wai ana zuwa da safe a dawo da yamma. Yini ɗaya zai isa kuwa? Me ya kamata in sani kafin in kama hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yini ɗaya zai isa, domin ƙasar duka ba ta kai murabba'in kilomita 7 ba. Amma kafin maganar mota ko abin kallo, sai ka fara da takardunka, don nan ne mutanenmu suka fi shan wahala.

Jibralta tana manne da Sifaniya, amma yankin Birtaniya ce. An ƙwace ta daga Sifaniya a 1704, yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta tabbatar wa Birtaniya da ita, kuma har yau Sifaniya ba ta daina neman a mayar mata ba. Janar Franco, shugaban Sifaniya na lokacin, ya taɓa rufe iyakar a 1969, ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai 1985. Da yake yankin Birtaniya ce, shekara da shekaru bizar Shengen (ta shiga yawancin ƙasashen Turai, har da Sifaniya) kaɗai ba ta shigar da mai fasfon Najeriya, kuma mai bizar shiga sau ɗaya idan ya tsallaka, dawowa Sifaniya kan gagare shi. A watan Yunin 2025 Birtaniya da Tarayyar Turai suka cimma matsaya kan cire binciken iyakar ƙasa, a mayar da shi filin jirgin sama da tashar ruwa. Abubuwa na sauyawa, saboda haka kada ka dogara da labarin abokin da fasfonsa ba irin naka ba ne. Duba shafin hukumar kula da iyakokin Jibralta a makon tafiyar, ka riƙe fasfo da katin zamanka na Sifaniya.

Daga Malaga zuwa La Linea, garin bakin iyaka, wajen kilomita 130 ne. In da mota ka zo, ajiye ta a La Linea ka shiga da ƙafa. Dubban ma'aikata ke tsallakawa kullum, layin motoci kan cinye maka safiya. Da shigarka za ka taka titin saukar jiragen sama da ƙafarka, ana tare mutane in jirgi zai sauka. Motoci kuwa tun 2023 ta ramin ƙarƙashin ƙasa suke bi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda baƙi ke ƙare yininsu a shagunan Main Street suna taya turare. Hau dutsen tukuna. Tsayinsa mita 426, ana shiga gandun samansa da tikiti, ko da ƙafa ko a motocin haya masu zagayawa da baƙi. Akwai kogon St Michael, akwai ramukan da sojojin Birtaniya suka haƙa da hannu da albarushi lokacin babbar ƙawanyar da Sifaniya da Faransa suka yi wa garin daga 1779 zuwa 1783. A gangaren arewa kuma ga hasumiyar tsohuwar ganuwar Musulmi, wadda Sarki Abul Hasan na daular Banu Marin ta Maroko ya sake ginawa bayan ya karɓe garin a 1333. Nan gaɓar ce Ɗariƙu bin Ziyad ya sauka da rundunarsa a 711, aka buɗe Andalus, dutsen kuma ya ɗauki sunansa. Wanda ya karanta wannan tarihi a makarantar Islamiyya, bai kamata ya wuce hasumiyar nan da gaggawa ba.

Birai fa? Suna nan wajen 300, su ne kaɗai biran daji a nahiyar Turai. Kada ka ba su abinci, doka ta hana kuma tarar tana da nauyi. Kada ka riƙe leda a hannu, sun san ƙararta, fizgewa za su yi.

Ka tsara azahar ta same ka a Europa Point, can ƙarshen kudu. Masallacin Ibrahim al-Ibrahim yana wurin, kyautar Sarki Fahad na Saudiyya, an buɗe shi a 1997. Bas mai lamba 2 na zuwa daga cikin gari. In sama ta washe, za ka hango duwatsun Maroko ƙarara a ƙetaren ruwa. In iskar gabas ce ke kaɗawa, gajimare kan lulluɓe kan dutsen, don haka duba hasashen yanayi kafin ka tsayar da rana.

Kuɗinsu fam ne na Jibralta, daidai yake da fam na Ingila. Shaguna na karɓar yuro amma canjin ba ya yi wa mai saye daɗi. Kati ya fi. In an ba ka canji da takardun Jibralta, kashe su kafin ka fito, don wuya ake samun mai canza su a waje. Kuma ka tabbatar da lokacin bas na ƙarshe daga La Linea zuwa Malaga tun da safe.