An cire mini ƙwan maraina ɗaya, in yi allurar ƙarfin maza?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direba ne a Jidda, shekarata 32. An gano ina da sankarar maraina, aka cire mini ƙwan hagu, aka yi mini kemo zagaye 3. Yanzu wata 14 ke nan da gamawa, kuma gwaje-gwaje sun nuna ba komai, alhamdu lillahi. Amma ban koma yadda nake ba. Ga kasala, ga ƙarancin sha'awa, kunnena yana ƙugi, tafin ƙafata kamar ba tawa ba. 'Yarmu ɗaya, maiɗakina kuma tana son ƙari. Wani abokina a wurin ɗaga ƙarfe ya ce mai ƙwai ɗaya rabin namiji ne, sai da allurar testosteron, wato sinadarin ƙarfin maza, har ya ce zai samo mini ba tare da takardar likita ba. Kunya ta hana ni tambayar likitana. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara lafiya. Kada ka yi wannan allura, ko sau ɗaya, sai ka karanta abin da zan gaya maka.

Maganar rabin namiji ƙarya ce. Ƙwai ɗaya mai lafiya yana iya samar da testosteron da maniyyin da ya ishi namiji ya sadu da iyalinsa, ya kuma haihu. Fiye da 95 cikin 100 na masu wannan cuta suna warkewa, galibinsu matasa ne kamarka, kuma da yawansu sun haihu bayan haka ba da taimakon kowace allura ba.

To amma ga abin da abokinka bai sani ba. Ba maraina ne ke yanke wa kansu shawarar yin aiki ba. Akwai wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke aiko musu da umarni ta cikin jini, wato sinadaran LH da FSH. Da zarar ka tsira wa kanka testosteron daga waje, ƙwaƙwalwa za ta ga jini ya cika, sai ta daina aiko da umarnin. Ƙwan da ya rage maka, wanda yanzu yake ta fama ya farfaɗo daga kemo, sai ya kwanta. Cikin 'yan watanni ƙwayoyin haihuwa su ragu ƙwarai, a wasu ma su ɗauke ƙaf, shi kansa ƙwan ya motse. Mutum zai ji ƙarfi, dantse ya cika, sha'awa ta tashi, yana murna, alhali hanyar haihuwa ce yake toshewa da hannunsa. In an daina, yawanci sai an ɗauki watanni, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu, kafin maniyyi ya dawo, kuma ga wanda ya sha kemo ba wanda zai yi masa alkawari.

Kusan kullum sai na ga irin wannan. Saurayi ya shigo ɗakin duba marasa lafiya, ya ajiye leda a kan tebur: 'yan kwalabe masu rubutun da shi kansa bai iya karantawa, sirinji, da 'yan fakitin zumar ƙarfin maza da ya saya a shagon mai kayan ƙamshi ko ta WhatsApp. Ita wannan zuma, hukumomin kula da magunguna sun sha gano sildenafil a ɓoye a cikinta, wato sinadarin Viagra, ba tare da an rubuta ko nawa ne ba. Allurar testosteron kuma tana kaurara jini, tana iya ɗaga hawan jini, ga mutumin da cisplatin, ɗaya daga cikin magungunan kemo, ya riga ya ƙara masa haɗarin ciwon zuciya. Mafi ban haushi, masu sayar da ita kan haɗa da allurar hCG wai don kada maraina su motse. Shi kuwa hCG yana cikin alamomin da muke aunawa a jininka, tare da AFP da LDH, don mu gane ko cutar ta dawo. Ka yi wannan allura a ɓoye, sakamako ya fito a sama, hankalin kowa ya tashi, a shiga ɗaukar hoto ana neman cutar da babu ita. Wanda ya sayar maka yana can yana ƙirga riyal ɗinsa. Ku ji tsoron Allah, masu wannan sana'a. Wanda bai san aikin kemo a jiki ba, ba shi da hurumin tsira wa ɗan mutane allura.

Ba ina cewa ba ka da ƙarancin testosteron ba. Yana faruwa bayan kemo, kuma kasala da mutuwar sha'awa suna cikin alamunsa. Sai dai jini ne ke faɗa, ba abokin motsa jiki ba. A ɗebi jininka da safe, kafin ƙarfe 11, a auna testosteron da LH da FSH, a sake a wata rana daban, a kuma yi gwajin maniyyi. In ya yi ƙasa da gaske, akwai magungunan da likita zai zaɓa wa mai neman haihuwa, waɗanda ke zaburar da ƙwan maimakon kwantar da shi. Wata 14 ma bai yi nisa ba. Maniyyi kan ci gaba da gyaruwa har shekara 2 ko fiye bayan kemo. In kuwa jini ya fito daidai, sai mu duba barcinka, da fargabar dawowar cuta, da wannan kalma ta rabin namiji da aka dasa maka a zuciya. Damuwa kaɗai tana kashe sha'awa. Ka zaunar da maiɗakinka ka yi mata bayani, in da hali ku je asibitin tare.

Ƙugin kunne da dindirisar ƙafa aikin cisplatin ne, testosteron ba zai taɓa su ba. Ka nemi gwajin ji, ka guji ƙara mai ƙarfi. Ƙafar takan yi sauƙi a hankali, amma tunda birki kake takawa, ka gaya wa likita in jin nata yana raguwa. Zafin Jidda kuma ba wasa ba ne ga ƙodar da ta sha kemo: ka riƙa shan ruwa sosai, ka rage diclofenac da ibuprofen. In an sa maka bleomycin a cikin magungunan kemo, ka bar sigari da shisha, ka kuma sanar da duk likitan da zai sa ka barci don tiyata. Sau ɗaya a wata, bayan wanka, ka laluba ƙwan da ya rage. Duk wani ƙullutu ko tauri, ka tafi asibiti a makon.

Sai maganar takardu, wadda ke ba ni takaici. Bibiyar wannan cuta tana ɗaukar aƙalla shekara 5, amma mutanenmu da yawa suna ɓacewa a tsakiya saboda iƙama ta ƙare, ko an sauya kafili inshora ta tsaya. Tun yau ka karɓi kwafin rahoton tiyata, da sakamakon gwajin ƙwan da aka cire, da sunayen magungunan kemo da adadinsu. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa wani ɗan'uwa amintacce. Ko komawa gida ta kama, likitan Kano ko Damagaram zai san inda zai ɗora.