Kwangilar gwamnatin Amurka: sa kamfani da sunan mace ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. A Bronx nake zaune a birnin Niyok, ni da maigidana muna da ɗan kamfanin share ofisoshi shekara uku kenan. An ce mana gwamnati na ware kwangila ga kamfanonin mata da na baƙaƙe da na tsofaffin sojoji, shi ne maigida ya ce a mayar da kamfanin da sunana shi kuma ya ci gaba da gudanarwa. Girin kad gare ni, wato takardar izinin zama na dindindin, ban zama 'yar ƙasa ba tukuna. Dan Allah yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da aka faɗa miki akwai shi, amma dan Allah ku dakata da maganar canza sunan nan.

Gwamnatin tarayyar Amurka tana da burin kashi 23 cikin ɗari na kuɗin kwangilarta ya tafi ga ƙananan kamfanoni, kashi 5 ga na mata, kashi 5 ga na mutanen da aka bari a baya wajen dama da arziki, sai tsofaffin sojojin da suka samu rauni a bakin aiki, da kashi 3 ne aka ɗaga zuwa 5 a ƙarshen 2023. Hukumar SBA, mai kula da ƙananan kamfanoni a Amurka, ita ke tantancewa. Amma buri ne fa, ba rabo ba ne da za a kira ki a miƙa miki. Na matan tun 1994 aka sa shi, sau biyu kawai aka cika, 2015 da 2019.

Toh matsalarku ta farko, shirin mata na tarayya sai 'yar ƙasa, girin kad bai isa ba. Ta biyu ita ta fi damuna. Doka ba ta tsaya a kan mace ta mallaki kashi 51 ba, sai ya kasance ita ke riƙe da babban muƙamin kamfanin, ita ke gudanar da shi kullum a lokutan aiki, ita ke yanke shawara, kuma masu tantancewa za su duba wa ke sa hannu a asusun banki, wa ke ɗaukar ma'aikata, wa ke tsara farashi. In suna naki ne aiki na maigida, wannan yaudarar gwamnati ce, ana iya sa ku biya ninki uku na asarar da aka yi, a hana ku kwangila, har ɗauri ana yi, kuma ke da sa hannunki ke kan takarda ke za a fara nema. Ga mai girin kad kuma irin wannan laifi na iya ɓata takardun zama gaba ɗaya. Wallahi ba na so ki shiga wannan.

Shirin da ake kira 8(a), wanda mutane ke ce wa na baƙaƙe, shi ma sai ɗan ƙasa. Shekara tara ake yi a ciki, sau ɗaya a rayuwa, kuma dukiyar mai nema kar ta wuce dala 850,000 ban da gidan da yake zaune da kamfanin. A 2023 wata kotun tarayya a Tenesi ta hana a ɗauka cewa launin fata kaɗai hujja ce, don haka zama baƙar fata ba ya shigar da mutum kai tsaye yanzu. Na sojoji kuwa sai wanda ya yi aikin sojan Amurka, na Najeriya ko Gana ba ya ciki.

Abin da ya fi dacewa da ku yana kusa da ku. Jihar Niyok da birnin Niyok kowa na da nasa shirin na kamfanonin mata da tsiraru, suna karɓar masu girin kad, burin jihar ma kashi 30 ne. Kuma baƙar fata ɗan asalin Afirka yana cikin tsirarun da dokarsu ta ambata, kin ga kenan in maigida na da girin kad ko ya zama ɗan ƙasa zai iya nema da sunansa, ba sai an laɓe bayanki ba. In kuma ke ce da gaske za ki riƙe kamfanin, to ki riƙe shi sosai ki nema a matsayin mace.

A tarayya ma ƙofa ba a rufe take ba, kwangilar da aka ware wa ƙananan kamfanoni zalla ba ta buƙatar zama ɗan ƙasa. Ku yi rajista a SAM.gov, shafin intanet na gwamnati na masu neman kwangila, kyauta ne, kar ku biya masu aiko da imel suna cewa za su yi muku. Sannan ku nemi ofishin APEX Accelerator da ke kusa da ku, suna taimaka wa masu neman kwangilar gwamnati kyauta. Ni shawarata ku fara da karɓar aiki a ƙarƙashin babban ɗan kwangila, don jami'in gwamnati ayyukan da kuka kammala a baya yake fara tambaya. Ku tanadi takardun haraji na shekara ukun nan da inshora da na albashin ma'aikata tun yanzu, don su za a fara nema.